Bayan Farin Ƙyalle

Sai da na sa wuƙa gwangwanin ya buɗe.
Tsatsa ta cinye sunan da ke kan murfi,
saura lamba biyu da ɗigon jan fenti.
Tsami ya bugi hancina, irin na kunun da ya kwana uku.
A ɗakin ajiyar finafinai na Jos
haka tsofaffi suke gaisuwa.

Na ɗaura zaren a majigi, na kashe fitila.
Ga wani Bature siriri da ƴar hula,
wando ya fi ƙarfin ƙugunsa,
ya saɓa tsani a titin da ruwa ya jiƙa.
Ya juya zai gai da wata mata,
tsanin ya kwashe hular ɗan sanda.
Sautin sai cuwa-cuwa, kamar maƙwabta na suyar ƙosai.
Zamanin da fim ke koyon magana ke nan,
kowa ya ƙame kusa da tukunyar fure
yana ɗaga murya kamar mai kiran kurma.

Na san mutumin nan.
Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi.

Kakana, Barau Mai-ƙanƙara,
shekara tara ya yi a kulob ɗin Turawan kuza a Bukuru
yana fasa ƙanƙara cikin sanyin da shi ma ƙanƙara ne.
Daren Asabar akan rataya farin ƙyalle a fili.
Su suna gaba, bargo a gwiwa, kofi a hannu.
Shi da Davou mai gadi suna baya,
tsugune a bakin magudana,
inda hoto ke fitowa a juye:
na dama ya koma hagu,
boko ya bi hanyar ajami.

Turancinsa bai wuce na kira da kora ba,
don haka shi ya ara musu baki.
Siririn ya raɗa masa Ɗan-bashi.
Matar ta zama uwar haya, ana bin sa wata huɗu.
Hula na faɗuwa sai ya maƙe murya:
"Ranka ya daɗe, ba ni ba ne,
tsanin ne baƙauye, bai iya gaisuwa ba."
Davou ya cusa bakin riga a baki.

Rana ɗaya dariyarsu ta riga ta Turawa fita.
Aka yanke musu sule ɗai-ɗai a albashi.
"Ita ce dariya mafi tsada a Filato," in ji shi,
"kuma na same ta da araha."

Mu jikoki a Unguwar Rogo muka gaji Ɗan-bashi.
Taɓarya ce tsanin, murfin tukunya hular,
kakarmu na faɗa daga madafa,
shi kuwa yana zamewa da gangan a kan tabarma
da gwiwoyin da likita ya hana wasa.

Yau ni ina jin Turanci, har da takardar shaida.
Na kasa kunne.
Siririn na maganar ruwan sama,
da wata gwaggonsa, da shayin da ya huce.
Na jira dariya a inda aka bar mata gurbi.
Ba ta zo ba.
Na mai da zaren baya, na sake.
Sai ƙarar majigi, da ni.

Na murɗe sautin har ƙasa.
Na bar kujerata, na zagaya bayan ƙyallen,
na tsuguna tsakanin bango da tsintsiya.
Tsanin ya juyo ta hagu.
Hular ta faɗi daidai inda Barau ya ce.
Leɓen siririn ya motsa,
wallahi da Hausa ya motsa.

Mai gadi ya ƙwanƙwasa: "Hajiya, lafiya?"
Na ce lafiya, ina share ido da mayafi.

A takardar rajista akwai layi ɗaya da ya rage:
Harshen fim.
Tun la'asar biro ke hannuna.